Waƙa a Bakin Mai Ita: Masu Naƙasar Tasowa da 'Yancin Faɗin Abin da Suke So

Gabatarwa

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya haɗiye tsibirai da gonakin albasa na Gungawa da wasu ƙauyukan bakin kogi, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka kai su sababbin matsugunai. An gina musu gidaje, amma a kan zanen da wasu suka yi daga nesa. Saboda haka dattawan ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Ngaski, sun san yadda abin yake idan aka tsara wa mutum rayuwarsa a wurin da ba ya nan, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi.

A kowane gari akwai wasu mutane da rayuwarsu gaba ɗaya a haka take tafiya. Ana zaɓa musu tufar da za su sa, da abincin da za su ci, da inda za su zauna, ba tare da an tambaye su ba. Idan baƙo ya zo gida, a gabansu ake ba da labarinsu kamar ba su ji. Waɗannan su ne masu naƙasar tasowa. Wannan maƙala za ta bayyana ma'anar wannan naƙasa da musabbabanta, sa'an nan ta nuna yadda masu ita suka fara haɗa kai suna magana da bakinsu a wasu ƙasashe, da kuma abin da al'adar Hausa ta riga ta tanada wanda za a iya ɗora irin wannan gini a kansa.

Mece ce naƙasar tasowa?

Naƙasar tasowa suna ne da ya tattara larurori da dama waɗanda suka yi tarayya a abubuwa uku. Na farko, suna farawa tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun ƙuruciya. Na biyu, asalinsu yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ko ta sami rauni. Na uku, suna tare da mutum har ƙarshen rayuwarsa, suna shafar koyo ko magana ko motsi ko mu'amala da jama'a. A kafofin yaɗa labarai na Hausa akan ji kalmar galahanga, amma ana ɗora ta a kan larurori daban-daban, don haka yana da kyau a rarrabe su.

Akwai raunin fahimta, inda mutum yake koyo a hankali, yake kuma buƙatar taimako wajen lissafin kuɗi ko karatu ko tsara al'amuran yau da kullum. Akwai larurar Down, wadda aka sanya wa sunan likitan Ingila John Langdon Down da ya bayyana siffofinta a 1866. Akwai shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, wadda ke sa jiki ya sandare ko ya riƙa motsi ba da son mai shi ba. Akwai kuma otizim, wanda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, wanda ke shafar yadda mutum yake magana da yadda yake hulɗa da mutane, yake kuma sa shi son a yi abu a tsari guda ba canji.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Naƙasar tasowa ba taɓin hankali ba ce. Taɓin hankali ciwo ne da yakan kama mutum bayan ya girma, ya sauya masa tunani da ɗabi'a, kuma sau da yawa magani yana saukar da shi. Har ila yau, wahalar magana ba ta nufin rashin fahimta. Kusan rabin masu shanyewar gaɓoɓi ta raunin ƙwaƙwalwa ba su da wani raunin fahimta ko kaɗan. Yaron da yawu ke zuba daga bakinsa, harshensa ya yi nauyi, mai yiwuwa ne yana gane duk abin da ake faɗa a kansa.

Daga ina take fitowa?

A ƙasar Hausa akan kira yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa ko ya kasa zama da wuri ɗan ruwa, a ce aljanu ne suka yi musaya. Binciken kimiyya ya nuna dalilai na zahiri. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da zaren gado guda 46 da ake kira kuromozom, a jere biyu-biyu har kashi 23. A 1959 masu bincike a Faransa, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka gano cewa mai larurar Down yana da guda 47, domin kashi na 21 ya zo uku maimakon biyu. Wannan yana faruwa ga kimanin jariri ɗaya cikin 1,000 a kowace ƙabila, kuma ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne.

Wasu musabbaban kuwa ana iya kauce musu. Doguwar naƙuda takan hana ƙwaƙwalwar jariri iska. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani takan lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa, alhali a asibiti ana magance ta da hasken shuɗiyar fitila. Sanya kafur a cikin kayan jariri yana iya tayar da ita ga yaran da ke da wata larurar jini ta gado. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka sukan bar yaro da kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta. Ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki, wanda shi ne ke kawo maƙoƙo, yana daƙile ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Kifin ruwan daɗi irin na tafkin Kainji ba shi da aidin kamar kifin teku, shi ya sa gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta a 1993, yake da muhimmanci ga mutanen bakin tafki.

Sai kuma gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Ƙasar Yauri ma ƙasar haƙar zinariya ce, don haka darasin ya shafe ta: kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida inda yara ke rarrafe.

Rigakafi yana rage yawan masu larurar a gaba. Amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan, suna girma, suna zama samari da 'yan mata da dattawa. Tambayar ita ce, wa yake magana a madadinsu?

Gadon da ake da shi: Sarkin Makafi da Sarkin Guragu

Tun kafin zuwan Turawa, masarautun ƙasar Hausa sun amince cewa masu naƙasa jama'a ce mai shugabanta. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma kowannensu daga cikin mutanensa ake naɗa shi. Shi ke sasanta rikicinsu, shi ke karɓar baƙonsu, shi ke kai kukansu fada. A birnin Kano har unguwa makafi suke da ita a gindin Dala. Gaskiya ne cewa wannan tsari ya daɗe yana jingine da bara, amma ya tabbatar da ƙa'ida guda mai daraja: makaho ne ke wakiltar makafi.

A zamanin nan an ga inda wannan ƙa'ida za ta iya kaiwa. A Kano, waɗanda cutar shan inna ta naƙasa sun kafa ƙungiya a ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmed Tudun Wada, suka buɗe wurin walda suna ƙera kekunan guragu masu ƙafa uku da hannunsu, suna sayarwa, suna koya wa matasa sana'ar. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda jita-jita, aka kuma dawo da shi a 2004, 'yan wannan ƙungiya sun shiga cikin masu bi unguwa-unguwa suna jan hankalin iyaye. Maganar da ma'aikacin lafiya zai yi a ƙi saurara, idan gurgu ya yi ta yana nuna ƙafafunsa, sai jikin mutane ya yi sanyi. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma da hannun waɗannan mutane a cikin nasarar.

To amma idan aka duba jerin sarautun nan, za a ga babu ta masu raunin fahimta. Su ba a ɗauke su jama'a ba. Sunayen da aka ba su, irin su dolo da gaula da wawa, zagi ne. Wasu ana ɓoye su a ƙuryar ɗaki, wasu ana barin su suna yawo yara na binsu da tsokana. Ko a cikin ƙungiyoyin masu naƙasa na zamani, muryar makafi da guragu da kurame ta fi tasu fitowa, kuma galibi iyaye ne ko likitoci ke tsaya musu.

Yadda abin ya faro a wasu ƙasashe

A Turai da Amurka ma an daɗe ana ganin masu raunin fahimta ba su da ta cewa. Har tsakiyar ƙarni na 20 ana tara dubbansu a manyan gidajen killacewa nesa da gari. Sauyi ya fara daga ƙasar Suwidin. A shekarun 1960 wani ma'aikacin ƙungiyar iyaye mai suna Bengt Nirje ya kafa ƙananan kulob na matasa masu raunin fahimta, inda su da kansu suke zaɓar inda za su je yawo da abin da za su yi, masu taimaka musu kuwa ba su da ikon yanke shawara. Daga nan matasan suka yi taruka suka tsara jerin buƙatunsu, suka miƙa wa iyaye da hukuma. A 1969 Nirje ya wallafa ra'ayinsa cewa mai naƙasa ya cancanci rayuwa irin ta kowa: ya tashi da safe ya fita aiki ko makaranta, ya yi hutu, ya yi abokai.

A 1974 wasu da suka taɓa zama a gidan killacewa a Jihar Oregon ta Amurka suka shirya babban taro da kansu, mutane fiye da 500 suka halarta. Wajen neman sunan ƙungiya, wani daga cikinsu ya nuna ya gaji da a riƙa kiransa da sunan larurarsa, domin shi mutum ne kafin komai. Daga nan aka sami sunan People First, wato mutane ne tukuna, ƙungiyar kuma ta bazu zuwa Kanada da Ingila da wasu ƙasashe da dama.

An ga amfanin wannan yunƙuri. Robert Martin na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidajen killacewa, an zaɓe shi a 2016 cikin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin masu naƙasa, shi ne mai raunin fahimta na farko da ya hau wannan kujera; ya rasu a 2024. A Sifen, Ángela Bachiller mai larurar Down ta zama kansila a birnin Valladolid a 2013. A Nijeriya kuwa, Rose Mordi ta kafa gidauniyar masu larurar Down a Legas a 2001, inda ake koya wa matasa karatu da sana'a. Tun daga 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar masu wannan larura a 21 ga Maris, wato rana ta 21 a wata na 3, don tunawa da kashi na 21 da ya zo uku.

Abin da doka ta tanada

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa. Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ce mai naƙasa daidai yake da kowa a gaban doka, kuma idan yana buƙatar taimako wajen yanke shawara, a taimaka masa ya yanke, kada a yanke masa. Sashe na 19 ya ba shi haƙƙin zama cikin jama'a.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, da tarar naira 1,000,000 ga kamfani. Ta ba mai naƙasa ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki dominsu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu naƙasa. Sai dai doka a takarda ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ko ba a bar shi ya buɗe baki ba, ba zai ci moriyarta ba.

Yadda ake koyon magana da bakin kai

Faɗin abin da mutum yake so fasaha ce da ake koyo, kamar tuƙa kwalekwale. Ana farawa da ƙaramin zaɓi. A nuna wa yaro riguna biyu a ce ya ɗauki ɗaya, a tambaye shi kunu yake so ko fura, sa'an nan a ba shi abin da ya zaɓa. Idan ya ga zaɓinsa yana da tasiri, sai ya ƙara himma. Idan kullum ana tambayarsa amma a yi abin da aka ga dama, sai ya daina amsawa, a ce ba ya ganewa.

Mataki na biyu shi ne haƙuri wajen saurare. Ƙwaƙwalwar mai raunin fahimta tana buƙatar lokaci kafin ta sarrafa tambaya ta fito da amsa. A yi tambaya ɗaya gajeriya, a yi shiru, a jira. Wanda ba ya iya magana yana iya nuna hoto, ko ya yi ishara da hannu ko da ido. Allo mai ɗauke da hotunan abinci da ruwa da banɗaki da ciwo, wanda malami zai iya zanawa a kwali, yakan buɗe wa yaro ƙofar da ta daɗe a rufe.

Mataki na uku shi ne ya koyi cewa a'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu raunin fahimta, musamman 'yan mata, suna cikin waɗanda aka fi cin zarafinsu, saboda mai cutar da su ya san da wuya a yarda da maganarsu. Yarinyar da aka koya wa sunayen sassan jikinta, aka koya mata cewa babu mai ikon taɓa ta ba da yardarta ba, aka kuma saba saurarenta a gida, ta fi samun kariya fiye da wadda aka kulle a ɗaki.

Mataki na huɗu ya fi yi wa iyaye wuya, shi ne a bar mutum ya yi kuskure. Saurayin da aka aika kasuwa zai iya ɓatar da canji a karo na farko da na biyu. Idan aka hana shi fita saboda haka, an tsare masa naira ɗari, an kuma hana shi sanin kuɗi har abada.

Idan za a kafa ƙungiya a Yelwa

A ɗauki misalin matasa shida ko takwas da za su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a wani aji bayan an tashi makaranta, ko a zauren mai unguwa. Su za su zaɓi shugabansu da ma'ajinsu daga cikinsu. Za a sami mai taimako guda, malami ko yaya ko ma'aikacin jinya, wanda aikinsa shi ne ya rubuta abin da aka faɗa, ya maimaita magana cikin sauƙi, ya raka su inda za su je. Ba shi da ƙuri'a. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi saurin karyewa, domin mai taimako yakan ga ya fi su sauri, sai ya karɓe zancen, taron ya koma nasa. Iyaye ma suna buƙatar tasu ƙungiya, amma daban, saboda abin da uwa take so wa ɗanta da abin da ɗan yake so wa kansa ba kullum suke zama ɗaya ba. Uwa tana neman ya tsira daga wahala, shi kuwa wataƙila sana'a yake nema, ko aure.

Sana'a kuwa ba ta yi ƙaranci a wannan yanki ba. Akwai zaɓen albasa da zuba ta a buhu, da gyaran koma, da bandar kifi, da kiwon kaji da awaki, da ban ruwa a lambu. Yawancin waɗannan ayyuka matakai ne da ake maimaitawa, kuma idan aka rarraba su ɗaya bayan ɗaya aka nuna a aikace, da yawa daga masu raunin fahimta suna iya ƙwarewa. Abin da ƙungiya za ta tsaya a kai shi ne a biya ɗanta ladan aikinsa daidai da na kowa, kuma a hannunsa. 'Yan ƙungiya suna iya yin adashi, su ziyarci wanda ba shi da lafiya, su je gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma a Yauri ko Ngaski ko Shanga su faɗi buƙatarsu da kansu. Mutum ɗaya mai nauyin harshe ana iya yi masa dariya a sallame shi, amma mutum takwas da suka zo da takarda da shugaba sai an ba su wurin zama.

Kammalawa

Malami yana da abin yi tun daga gobe. Ya sa yaro mai jinkirin koyo a layin gaba, ya raba masa aiki ƙanana-ƙanana, ya ba shi wani nauyi a aji kamar raba littattafai, ya kuma hana a kira shi da sunan zagi. Idan iyaye suka zo da yaron, ya fara gaisawa da yaron, ya tambaye shi sunansa da bakinsa. Ɗalibi kuwa ya duba unguwarsu: wane ne ba a taɓa gani a filin ƙwallo ba, wane ne ba a zuwa da shi kallon Rigata a bakin kogi? Ya je ya kira shi da sunansa na yanka, ya tambaye shi ko yana son zuwa, ya kuma jira amsa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Al'ummar da ta naɗa wa makafi sarki daga cikinsu ta riga ta yarda da wannan magana. Abin da ya rage shi ne ta yarda cewa mai raunin fahimta ma yana da ɗaki, kuma ya san inda yake masa yoyo.